Malam Isyaku Ya Sake Neman Aure

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, mutanen Wudil na ta murnar sabon babur da rufin kwano, Hansai kuwa mijinta ne ya daina gane ta.

Abin haushin, ba duka kan nasa ya tafi ba. Malam Isyaku, tsohon dillalin shanu a Kara, har yanzu kallo ɗaya zai yi wa sa ya faɗa maka shekarunsa. Ya san lokacin shuka gero a Indabo, ya san hukuncin alwala da na gado. Amma matar da ta tsufa a gidansa, in ta shigo sai ya sunkuyar da kai kamar ya ga suruka.

Hansai ta jure, har ranar da ya hana ta shiga da tuwo. Cikin ladabi ya ce bai dace baƙuwar mace ta riƙa shigo wa namiji ɗaki ba, za a yi magana. Ta koma madafa ta sha kuka, don ta san in ba ita ta zauna kusa da shi ba, tsohon nan ba ya cin abin kirki.

Ɗansu Labaran ya zo daga Kano, ya yi ta bayanin cewa ai Inna ce. Uban, wanda ya ɗauke shi wani ma'aikacin gwamnati, ya saurare shi tsaf, sannan ya ja shi gefe ya tambaya ko matar nan tana da miji, kuma wane ne waliyyinta.

Hansai na bayan zana tana ji. Tsohuwa da jikoki, ta aiko cewa sai ta yi shawara, ta ja masa aji har la'asar.

Ango da kansa ya tsara komai, goro da shaidu, har ya yi wa Labaran faɗa da ya manta zancen sadaki. Liman ya danne dariya, aka shafa fatiha.

Ta shigo da tuwo, ya ci har da neman ƙari. Cikin tsokana ta tambaye shi me ya gani a jikin baƙuwa.

"Ban san ki ba, baiwar Allah," in ji shi. "Amma duk sanda kika fita, sai in kama neman wani abu, ban san ko mene ne ba."

Hansai ta goge ido da gefen mayafi, ta ƙara masa miya.