Askin Tukur Wanzami a Ɗakin Korona

…ai shi ya ce nas ɗin nan za ta dawo, kuma ga ta nan! Kwano, sabulu, reza sabuwa fil a takardarta. Reza! Shi Tukur, wanzamin Unguwar Kanawa kaf, shekara hamsin da aska a hannu, yau da reza za a… to, a yi haƙuri, ba a barin zabira ta shigo ɗakin korona. Wa ma ake bari? Harira matarsa kullum tana bakin get da kwanon tuwo, a kore ta, ta dawo.

Kwana tara ke nan. Kwana tara ba hannun da ya zauna a jikinsa. Nas-nas su shigo cikin farar leda tun daga ka har ƙafa kamar masu ɗibar zuma, a dire magani, a leƙa tukunyar iska, fit! Doguwar nan ma daga bakin ƙofa take jefo masa sannu. Sannu daga ƙofa? Shi da shekarar sanƙarau ya yi wa mutum goma sha ɗaya ƙaho rana guda, ko atishawa bai yi ba? Sha ɗaya… ashirin ne ma, wa ya ƙirga? Bai ga laifinsu ba. Ya gani kaɗan. Suna da yara a gida, ya sani.

Amma gashin nan fa! Tun yana ɗan mitsitsi Juma'a ba ta taɓa riskarsa da suma ba, yau ga furfura cako-cako kamar tsohuwar tsintsiya. Gambo ya gan shi haka? Gambon Unguwar Dosa, mai aski kamar yana kankare tukunya? Ai sai ya tara masa jama'a. A'a. Numfashi ya tafi inda zai tafi — kai dai a gyara shi.

Sai jiya wannan gajeruwar, Rahila, 'yar Zonkwa, ta jawo kujera. Kujera! Ta zauna dab da gado har gwiwarta na taɓa ƙarfe, ta ce Baba, me kake so a yi maka? Ya ce amarya. Ta yi dariya har gilashin fuskarta ya yi hazo. Ta ce ban da ita? Ya ce aski.

Ga ruwa… da ɗumi kuwa, yarinya mai hankali. Mace a kansa! Tun uwarsa, Allah ya jiƙanta, tana cuɗa shi da soso a bayan ɗaki, tana cewa tsaya mana ɗan banza… tsaya, 'yata, ba haka ba. Ja fatar da yatsa. Kwantar da rezar, ba yanka rago kike ba. Yawwa… haka… Tsoro take ji, ja'ira, amma ba ta janye ba.

Kash! Ta yanke shi. Bayan kunne. A ce Tukur da tabon aski! Ba komai, shi ma ranar da ya fara riƙe aska kunnen wani ɗan sanda ya ɗan rage wa tsawo, ya kwana biyu a Katabu yana ɓuya gidan gwaggonsa…

Ku duba ƙofa! Doguwar ce ta leƙo. Ta shigo. Taku ɗaya, biyu — ta karɓi kwano ta riƙe! Allahu akbar! Ya jawo su! Likitoci da takardunsu ba su iya ba, shi da ko aji uku bai gama ba, yana kwance, roba a hanci, ya tara nas biyu a kansa kamar ango. Gambo, kana ina? Zo ka ga almajiran Tukur! A gaya wa Harira ta yi guɗa a bakin get!

Sanyin iska a fatar kai… wayyo daɗi. Rabin kan ya fita tas. Rahila ta ɗaga igiyar robar hancin za ta shiga ƙeya, numfashin ya… ya… dakata… to. Ya dawo. Tafinta na kan goshinsa, ba ta ɗauke ba.

«Wa ya koya miki zama kusa da mutum haka?»

«Kwas aka tura mu, Baba. Na sati guda.»

Kwas! Abin da kowace tsohuwa ta iya kyauta. Kwas ɗin me?

«Na kula da waɗanda…» Sai ta tsoma rezar a ruwa. Tana ta ɗauraya. Reza ɗaya, wankin me haka?

Waɗanda me?

Malam Sabo na gadon can… shi ma ta ja masa kujera ran Litinin. Fura ya ce yana so, aka samo masa, ya sha cokali uku yana murmushi. Laraba aka fita da shi a lulluɓe, aka naɗe katifar.

Oho. Ashe.

To… to ai ba ta gama ba. Saura ƙeya da gefen hagu. Kada ta yi sauri — wa ke korar ta? A hankali, 'yata… ja fatar… a hankali…