Wayar da ke Cikin Bishiyar Anezka

Maganar ta fito ne daga shagon gahawa na Doris, inda maganganun garin Otava suka saba fitowa: wai akwai ƙarfe a cikin Bishiyar Anezka. Iskar watan Afrilu ce ta karya mata reshe ta tsaga gindinta, masu gyara suka sa zarto, zarton ya ci karo da wani abu har ya yi tartsatsi. Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci. Ƙarfen nan, in ji su, bakin sandar Anezka ne.

Labarin sandar kuwa babu yaron da bai haddace shi ba. A shekarar 1871 Anezka Bartos, matar wanda ya kafa garin, ta sauko daga keken shanu bayan tafiyar wata biyu, ta dubi filin Nebraska ba ta ga inuwa ko ɗaya ba, ta soke sandar da take kora shanu da ita a ƙasa, ta ce daga nan ba ta ƙara taku. Sandar ta tsiro, ta zama bishiyar katanwud ɗin nan da ke bakin hanya, wadda mutum huɗu ba sa iya rungume ta. Haka aka rubuta a allon tagullar da ke gabanta.

Ardith Kovanda ce ta sa su haddace. Shekara arba'in da ɗaya tana koyar da aji huɗu tarihin jiha: cewa majalisarsu zaure ɗaya gare ta ba biyu ba, cewa a nan aka fara ware ranar dasa itatuwa, cewa katanwud ce bishiyar jiha. Duk bazara sai ta jera yara zuwa ƙarƙashin bishiyar ta karanta musu allon. Kuma duk bazara sai wani abu ya tsaya mata a rai, don ta san katanwud ba kasafai take wuce shekara ɗari ba, ta kuma san sandar da ta sha hannu wata biyu ta bushe ƙayau. Amma labarin yana cikin ɗan littafin da aka ba ta, ga yara ashirin da biyar suna jiran a tashi. Yanzu shekarunta saba'in da tara, gwiwoyinta sun gaji, kuma ita ce shugabar ƙungiyar tarihin garin, mai mutum uku.

Ranar Litinin magajin gari, Lonnie Hruska, ya zo mata gida da takarda a hannu ɗaya, faranti na kolaci, burodi mai zaƙi cike da 'ya'yan itace, a ɗaya hannun.

"Malama, hannu kawai za ki sa," ya ce. "Masu aikin hanya za su faɗaɗa titi. Sun ce in aka tabbatar bishiyar ta zamanin kafa gari ce, za su kauce mata. In ba haka ba, sarewa. Jumma'a suke son takardar."

"Wa ya tabbatar?"

"Ba ki ji an ga ƙarfen ba?"

"Na ji an ji ƙarfe. Kai ka gan shi?"

Lonnie ya sosa ƙeya. Shekarunsa sittin, yana da jikoki, amma a falon nan tsayuwa yake yi kamar an kira shi gaban allo.

"Haba Malama, ke kika koya mana."

"Na kuma koya maka Lincoln ne babban birnin jiha, ka rubuta mini Omaha har sau biyu. Ajiye takardar. Farantin ma ajiye shi."

Washegari da hantsi ta ɗauki tocila da filayar marigayi mijinta Frank, ta taka zuwa bakin hanya. Bishiyar nan ita kaɗai ce inuwa tsakanin gidanta da maƙabarta, kuma shekara shida ke nan a nan take tsayawa ta huta duk Lahadi in za ta wurin Frank. Tsagar ta buɗe kogo a gindin. Ta durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ta haska. Cikin ya ruɓe, yana warin jiƙa. Can tsakiya, inda bishiyar ta fara rayuwa tun tana siririya, wani abu mai tsatsa ya leƙo. Ta zura hannu har kafaɗa, ta kama shi da filaya, ta yi ta ja tana hutawa. Abin da ya fito guntun waya mai ƙaya ne, tsawon kamu biyu, da lanƙwasasshiyar ƙusa a jiki, da wani ƙulli inda aka haɗa bakin waya biyu.

Ta daɗe a durƙushe tana kallonsa. Tashin ma sai da ta dafa allon tagullar.

Mutum ɗaya ne a yankin ya san waya, Delbert Pospisil, abokin Frank, mai shekara tamanin da shida. Tun da ya bar noma ba shi da aiki sai tara waya mai ƙaya. Iri ɗari huɗu gare shi a rumfar bayan gida, kowace an yanke ta tsayi ɗaya, an kafe ta a katako da sunanta a ƙasa. Ta same shi zaune a cikinsu da rediyo a kunne.

"A'a, matar Frank. Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Kai ma ga ka nan."

"Ina nan dai. Likita ya ce in daina gishiri, na ce masa shi ya fara daina ganina." Ya tura mata kujera da ƙafa. "Zauna, kar ki faɗo mini a kan kaya."

Ta miƙa masa guntun wayar. Ya sa tabarau, ya juya ta sau ɗaya. Bai tambayi inda ta samo ba.

"Wannan ba ta shiga katakona. Ta talakawa ce, mai araha, irin wadda aka yi ta sayarwa shekarun fari, da ruwan sama ya ƙi. Kowane juji akwai ta."

"Shekarun fari. Wato bayan 1930."

"Ke ce malama."

"A tsakiyar bishiyar na ciro ta, Delbert. Tsakiya sosai."

Ya kashe rediyon. Ya ɗora babban yatsa a kan ƙullin, ya yi ta shafa shi.

"Kin ga yadda aka murɗa nan? Kowa dama yake murɗawa. Wannan hagu aka yi. Bahago ɗaya aka taɓa yi mai kafa shinge a wannan yanki, kuma ni ya haifa."

Ya ci gaba, muryarsa kamar mai faɗin farashin masara.

Mahaifinsa Emil a mayankar birni ya tashi, aiki ya ƙare, ya zo Otava a 1934 da aladu shida, bai san komai na gona ba. Ba shi da halin sayen dirka mai kyau, sai ya gangara kogi ya saro katanwud ɗanya. Duk ɗan gona ya san irin wannan itace sai an ɓare shi an bar shi ya bushe kafin a kafa, in ba haka ba saiwa yake yi. Emil ya kafa nasa yadda ya saro su, da ɓawonsu, ya buga waya. Da damina ta zagayo, uku daga cikin dirkokin suka fito da ganye. Shekara biyu ana yi masa dariya a coci, ana tambayarsa ko ya yi wa shingensa ban ruwa. Aladun suka mutu, ya koma aikin wasu. Biyu daga cikin dirkokin aka sare, ɗaya aka manta da ita.

"To Anezka fa?"

"Bikin cika shekara ɗari, 1971. Kwamiti na neman abin sawa a littafi. Garin Halma suna da tsohuwar gada, mu ba mu da komai sai ma'ajiyar hatsi. Jikar Bartos tana cikin kwamitin, ta ce ta taɓa jin kakarta tana maganar wata sanda. Shi ke nan."

"Ina wurin ranar da aka buɗe allon. Shekarata uku da zuwa garin."

"Na gan ki. Kina da jar riga, kina jera yara. Babana ma yana wurin, ya cire hula, ya ci kolaci uku."

"Su wa suka sani?"

"Duk wanda ya taɓa kafa shinge. Duk wanda ya haura hamsin a lokacin."

"Frank?"

Delbert ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Frank ya ce kina jin daɗin kai yaran wurin."

Ta dubi katakan da ke jikin bango, layi bisa layi na tsatsa, kowace da sunanta da shekararta cikin rubutu mai tsabta. Ba fushi ta ji ba. Gajiya ce ta sauko mata, irin ta ƙarshen zangon karatu. Yara wajen dubu ta jera a ƙarƙashin dirkar nan, iyayensu da kakanninsu suna wucewa a akori-kura suna ɗaga mata hannu.

"Me ya hana tsohon naka magana?"

"Cewa ya yi tunda yake bai taɓa shuka abin da ya yi kyau ba sai wannan, shi ma bisa kuskure. In sun ce ta Anezka ce za su kula da ita. In ta Emil ce, itacen wuta." Ya miƙo mata wayar. "Ki sa musu hannu, Ardith. Wa zai sani?"

"Kai."

"Ni saura kwana nawa."

"Da ni."

"Ke ma ai ba ki fi ni da yawa ba."

Laraba da Alhamis takardar tana kan teburin kicin. Ta ɗauki biro ta ajiye ya fi sau biyar. Ta tuna Lahadin watan Yuli, da rabin mil na rana tsakanin ƙofarta da kabarin Frank, ba wurin tsayawa. Ta gwada rubuta "ana kyautata zaton," ta tuna sau nawa ta ja jan layi a ƙarƙashin irin wannan a littafin yara, ta soke.

Jumma'a da safe Lonnie ya zo. Ya karanta takardar a tsaye, leɓensa na motsi. Ya sake karantawa.

"Malama, sare ta za su yi."

"Na sani."

"Mutane ba za su ji daɗi ba."

"Rabinsu sun riga ni sani. Ɗauki farantinka, na wanke."

Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya fita da farantin a hammata. A gurbin da aka bari don bayanin tarihi, ga abin da ta rubuta, da hannunta a ƙasa:

"Anezka Bartos ba ta shuka wannan bishiya ba. Dirkar shingen aladu ce. Emil Pospisil ya kafa ta ɗanya a shekarar 1934, ta tsiro."