Ankon Dada

Ƙyallayen da tela ke sharewa ya zubar, su ne Hajaratu take tsintowa ta jiƙa da sitaci ta shanya, har igiyar tsakar gidan ta koma kamar rumfar 'yan koli. In sun bushe sai ta ɗora murfin kwalba ta zana da'ira, ta bi da almakashi, ta ninke kowace, ta jera su a zare ta ja. Kafin ka ce kwabo fure ya buɗe a tafin hannunta. Dutsen ado a tsakiya, ɗigon gam, sai kan kati.

Surukarta Dada ba ta taɓa yarda wannan sana'a ce ba. Wasan 'yar tsana take kiransa. Da bikin autarta Ummu Salma ya matso, yarinyar ta dinga magiya a bar matar yayanta ta yi katin gayyata, har tsohuwa ta gaji.

"Na yarda," in ji Dada, tana magana da Ummu Salma amma da ƙarfin da za a ji a ɗakin Hajaratu. "Amma in aka yi mani dariya a bikin ɗiyata, almakashin nan ya bar gidana ke nan."

Ba rigima ce kawai ta sa ta faɗi haka ba. Shekaru ke nan rashin lafiyar hanya ya raba ta da danginta, wasu a Mairuwa ta ƙasar Faskari, wasu can Sabuwa, ita kuma a Ƙanƙara. Yanzu da hanya ta ɗan lafa, burinta ɗaya ne: ta gan su a tsakar gidanta cikin anko iri ɗaya, wata koriyar atamfa da ta sha yawon kasuwa kafin ta zaɓa.

Hajaratu ta zage damtse. Ba ta yi wa kowa fure da ka ba. Gwaggo Nana ta Mairuwa, wadda ko bokiti za ta saya sai ja, ta sami jan fure. Inna Hafiza ta Sabuwa, baƙa mai sanyin hali, aka yi mata shuɗi mai ɗigon fari. Haka ta bi gida gida a zuciyarta, kowa da launin da ta san zai karɓe ta. Nata'ala direba ya kwashi katunan ya raba.

To, kowa ya san yadda ake fitar da anko: ƙyalle ake aikawa, mata su riƙa su tafi kasuwa su nemo irinsa. Dada ta yanka nata ƙyallayen ta ajiye, tana jiran Nata'ala ya sake lodi. Kafin ya sake, sai ga wayar Gwaggo Nana.

"Dada, mun ga ƙyallen anko! Wallahi kin iya zaɓe, har mun kai ɗinki."

Washegari na Sabuwa ma suka bugo, waya na yankewa tana dawowa, su ma dai sun gani sun saya. Dada ta ce a ranta, ashe yarinyar nan Hajaratu da hankalinta, ta saka ƙyallen cikin ambulan. Hajaratu kuwa da ta ji ana zancen, ta ɗauka Dada ce ta aika. Ina suruka za ta tsaya tambayar suruka? Kunya ta rufe bakin kowa.

Ranar yini, matan gida suna kan tukwane ba su kai ga shiri ba, motar Mairuwa ta tsaya. Gwaggo Nana ta shigo da guɗa, 'ya'yanta da jikokinta a baya, jajur da su kamar an baza tattasai. Ba su gama gaisawa ba sai ga 'yan Sabuwa sun sauko daga babura, shuɗi tun daga ɗankwali har zani. Bayansu masu ruwan ɗorawa, bayansu masu ruwan hoda.

"Hafiza, mi ya hana ku yin anko?" in ji Gwaggo Nana.

"Mu za ki tambaya? Ku dai mi ya hana ku?"

Kowace ta zuge jaka ta zaro katinta, ta kara furen a jikin zaninta. Kowace kuwa da gaskiyarta, don ko zare bai bambanta ba.

Hajaratu tana bakin murhu da muciya a hannu. Ta gane abin da ya faru tun kafin su gane, ta kuma san dariyar da aka yi mata kashedi a kai ce ke tahowa. Hawaye ya cika mata ido, ta bar shi a kan hayaƙi.

Labule ya ɗaga. Dada ta fito cikin koriyar atamfarta, an kafa ɗauri, ta tsaya turus.

Inna Hafiza ce ta fara isa gare ta. Ta rungume ta tana kuka, ta ja da baya ta dube ta sama da ƙasa, tausayi ya kama ta.

"Ayya Dada! Ke ba a ba ki kati ba? Uwar biki guda, ba anko?"

Gidan ya kwashe da dariya gaba ɗaya. Gwaggo Nana har da zama a kan turmi tana riƙe ciki. Da ta samu numfashi ta ce, "Ni dai a bar ni da nawa. Tun da nake zuwa biki ba a taɓa fitar da ankon da ya karɓe ni ba sai wanga."

Dada ba ta yi dariya ba. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, fuskokin da ta fid da ran sake gani, kowace tana sheƙi cikin launinta. Ta daɗe tana kallo, har da share ido da bakin mayafi.

"Hajaratu," in ji Dada.

Ta zo ta durƙusa, kai a ƙasa.

"Ɗauko almakashin nan."

Ta tafi ta ɗauko, ta dawo ta miƙa shi da hannu biyu. Ummu Salma ta leƙo ta taga cikin lulluɓi, ta dafe ƙirji.

Dada ba ta karɓa ba. Ta kamo bakin ɗankwalinta, sabo fil, ta miƙa wa matar ɗanta.

"Yanki nan ki yi mani nawa," ta ce. Hajaratu ta sa almakashi. Tsohuwa ta sunkuyo ta rage murya. "Ƙara ciki kaɗan. So nake ya fi na Nana girma."