Dutsen Alwalar Malam

Sau biyu rana tana ƙone furannin da Kubura ta shuka a gindin lallenta a Limawa. Mijinta, Malam Abdulwahab, ya hana a zuba musu ruwa, wai ba don ado ake ɗebo shi ba.

Ta sake yafa iri, ta mirgino dutsen da Malam yake zama a kai yana alwala, ta girke a inuwar lallen.

Bayan wata biyu furanni suka buɗe jajur cikin koren ganye. Malam ya tsaya da buta a hannu.

"Kubura, wa yake ba su ruwa bayan na hana?"

Ta ce, "Kai ne, Malam. Sau biyar kullum."