Gwangwanin Maɓallai

Maɓalli ɗaya tak matar tela ta shigo nema a shago, na rigarta ne ya tsinke. Mijin yana bakin ƙofa yana auna wa wani wando, sai ta jawo gwangwanin maɓallai ta juye a kan tebur. Cikin fararen maɓallan ta ga wasu ba su da huda. Ta ɗauki ɗaya ta juya. Kai! Ƙwayar maganin farfaɗiyarsa ce. Ta tsince su tas, goma sha tara.

Ashe duk safiyar da yake kai hannu baki, ya kurɓi ruwa har da lumshe ido, wasan kwaikwayo yake yi mata. Mutumin da ko ƙaryar ranar gama ɗinki bai iya ba!

Ta san dalili. Shekara shida da aurensu, shiru. Watan jiya likita ya ce maganin yana iya raunana maniyyi, za a canza masa wani a hankali, amma kada ya kuskura ya daina da kansa. A hankalin nan ne tela bai ji ba.

Haushi ya kama ta, tsoro ya biyo baya ya danne haushin. Ta dubi almakashi, ta dubi dutsen guga yana huci a gefe. Da shi ya ƙone a hannu ranar da ciwon ya kayar da shi, tabon yana nan.

Da mai wando ya tafi, ya juyo yana dariya. "Gimbiya, yau kuma sata aka zo yi mana?"

Ya ga abin da ke kan tebur, dariyar ta tsaya. Ya zauna a kujerar keken ɗinki, ya ce a hankali, "Ina ganin yadda kike riƙe kayan jarirai in an kawo ɗinki. Wata uku kawai na ce zan gwada."

Ta zare wayar dutsen guga, ta zuba ruwa a kofi.

"Maigida, shekara shida ina jiran haihuwa, ga ni ban mutu ba. Amma minti huɗun nan da na yi a durƙushe ina jiran ka buɗe ido, wallahi ba zan iya maimaita su ba. Tashi mu je wurin likita, shi zai faɗi yadda za ka koma sha."

Ya daɗe yana kallon tabon hannunsa. Sannan ya tashi ya lulluɓe keken, ya miƙa mata makullin shago.