Akwatin Rakiya

Kauthar ta haɗa wa mahaifinta akwatunan imel uku a manhaja ɗaya. Manhajar ta kyauta ce, ta sauke ta a tsohuwar kwamfutar da ke falon gidansu a Orozo. Akwati ɗaya nasa ne. Ɗaya na ƙungiyar dillalan doya ta Karshi, wadda shi Malam Maitama yake shugabanta. Na ukun na matarsa ne, Rakiya, da ta rasu bara da damina. Shi ya ce a sa shi. Kauthar ta dube shi, ta sa.

Maitama bai yi nisa a boko ba, amma yana haɗa baƙi, kuma ba ya son a tsaya masa a ka. Kullum bayan azahar sai ya ja kujera, ya sa tabarau. Nasa da na ƙungiya ba sa ɗaukar masa lokaci. A na Rakiya yake daɗewa. Babu abin da ke shigowa sai tallan atamfa da sanarwar taron tsofaffin ma'aikatan jinya. Duk da haka yana bin su ɗaya bayan ɗaya, domin kowanne da sunanta yake farawa.

Ranar da zai kira taron ƙungiya, ya buga sanarwa da yatsa ɗaya, ya tura. Bai lura akwatin Rakiya ne a buɗe ba, ita kuwa manhajar da sunan wanda ke buɗe take aikawa. Dillalai suka ga marigayiya tana kiransu taro ranar kasuwa.

Washegari da la'asar Silas, sakataren ƙungiya, ya zo har gida. Ya gaisa, ya sha ruwa, sannan ya ce matar Zacharias, ɗaya daga cikin dillalan, ta kira fasto ya yi wa wayar mijinta addu'a, wasu kuma sun ce 'yan damfara ne.

"Oga, ko Mama tana raye ba ta taɓa kiranmu mitin ba," in ji shi.

Maitama bai yi dariya ba. Ya ce taro yana nan, a gaya musu shi ya kira.

Da Kauthar ta dawo daga ofis, ta zauna kusa da shi ta yi masa bayani a hankali. Kuskuren zai sake faruwa, kuma mutane za su fara cewa shugaba ya tsufa, a nemi wani. Maganinsa sauƙi ne, a cire akwatin daga manhajar. Ba gogewa ba ce, in ya so gani ita za ta riƙa buɗe masa a wayarta.

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya kuma san da wayar take tafiya ofis, sai magariba take dawowa.

Ta kai hannu kan linzamin kwamfutar. "Baba, in cire?"

"A'a. Ba za a cire ba."