Kofi da Flas a Layin Biya

A kamfanin wankin da nake aiki, awa ake biya. Da safe ka tura katinka cikin na'urar da ke bakin ƙofa, ta yi ƙas, ta buga lokacin shigarka. Da yamma ma haka. Abin da ke tsakani shi ne naka. In ka fita shan iska ko ka leƙa wani sashe, dole ka buga katin fita, agogonka ya tsaya. Shi ya sa ba mai ziyartar kowa.

Ni a ɗakin ninki nake, can ƙuryar ginin, ni kaɗai. Zannuwan gadon otal da tawul suna shigowa ta wata taga da ɗuminsu, in ninke, in jera, in tura ta ɗaya tagar. Hannuwa kawai nake gani. Na san mai zoben azurfa, na san mai tabon ƙuna a wuyan hannu. Damina biyu ke nan ina wurin, amma har yau Sabuwa suke kirana.

Ranar Asabar ake biya, a tagar kashiya, cikin ambulan ruwan ƙasa. Tunda tsayuwar layi ba ta cikin awa, ba mai yarda ya bar aikinsa ya je kama wuri. Sai aka yi dabara. Da safe kowa ya ajiye wani abu nasa a dogon bencin da ke gaban tagar, bi da bi yadda aka iso: silifa, murfin kwano, tsohuwar hula. In an tashi, kowa ya tsaya kusa da alamarsa. A kamfanin nan ka iya zagin mutum a sasanta ku, amma in ka taɓa masa alama kun ɓata ke nan.

Tawa alamar kofin roba ce, shuɗi. Bayansa kullum wani flas ne da ya lotsa a gefe, na Anti Mai Guga, don motar kamfani tana sauke su daidai lokacin da nake isowa a ƙafa.

"Ajiye, Sabuwa, kin riga ni," haka take cewa.

Da yamma a layi sai ta buɗe flas ɗin ta tsiyaya min sauran shayinta a kofin, ta shiga ba ni labari: gwiwarta da ke ciwo, 'yarta da ta haifi tagwaye, maƙwabcinta mai kiwon zabi. Ba ta jiran amsa, ni ma ba ni da ita. Ina dai riƙe da kofin hannu bibbiyu. A gida ɗakin baya nake, a gidan yayana. Matarsa ba ta da laifi, amma daga sannu da dawowa sai ƙarar talabijin ta bango. Innarmu in ta kira, tambayarta ɗaya ce, an biya? Wannan ɗan tsayin layin shi ne duk hirar da nake samu a mako.

Sai manaja ya sanar cewa daga mako mai zuwa kuɗin kowa ta waya za su shigo. Za a rufe taga.

"Alhamdu lillahi," in ji Dogo direba, "silifata ta yi ritaya."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Wanda ya karɓi ambulan, Baba maigadi ba ya barinsa ya tsaya, sai waje. Motar su Anti kuma da ta cika take tashi. Mu a gaba-gaba muke, kafin shayin ya huce an zo kaina. Ina so in tambaye ta lambarta, ko unguwarsu, ko ma dai in ce wani abu, amma na san bakina. Kafin ya buɗe, layin ya ƙare.

Ranar Asabar ta ƙarshe, da rana tsaka, na buga katin fita. Ban taɓa tsayar da agogona da hannuna ba sai ranar. Ba kowa a wurin bencin. Na ɗauki kofina da flas ɗin Anti na kai su can wutsiya, bayan murfin kwanon mai shara, na dawo na ci gaba da ninki.

Da aka tashi, tun daga nesa na jiyo muryarta.

"Wane mara kunyar ne ya mayar da ni baya? Ni sa'ar wa ce a nan?"

"Wallahi ba ni ba ne, Anti," in ji Dogo. "Ni ko silifata da ƙafa nake turawa."

"Har da na yarinyar nan da ba ta ce da kowa uffan! Ku ji tsoron Allah mana!"

Aka fara nuna juna. Wata ta ce mai shara ne, mai shara ya fara rantsuwa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ni ce," na ce.

Ba wanda ya ji. Na sake faɗa da ƙarfi, har muryar ta ba ni tsoro.

Kowa ya juyo. Dogo ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe tana magana."

Anti ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta zo ta tsaya bayana, ta rungume flas ɗinta a ƙirji.

Na samu tsawon layin da nake so. Muka yi ta matsawa kaɗan-kaɗan, ba shayi, ba labarin tagwaye. Ina jin numfashinta a bayana, ina jin yadda take sauya ƙafa saboda gwiwar. Kofina ba komai a ciki. Muna tsakiyar benci motar kamfani ta yi hon sau biyu, ta tashi.

"Ku ne na ƙarshe, ku kuka rufe min taga," in ji kashiya da muka iso. "Ku adana ambulan ɗin, ya zama kayan tarihi."

Baba maigadi ya kora mu waje. A bakin titi na tsaya, ita ma ta tsaya, tunda yanzu sai ta nemi motar haya.

"Me na yi miki?" ta ce, ba ta kalle ni ba.

"Ba komai, Anti."

"To mene ne?"

"Layin ne," na ce. "Yana saurin ƙarewa."

Ta juyo ta daɗe tana kallona. Sai ta ja tsaki, amma ba mai ƙarfi ba.

"Allah ya shirye ki. Kin san kuɗin motar da kika ja min? Gugar awa guda."

Na fara buɗe ambulan ɗina. Ta buge min hannu.

"Mayar, kar ki ƙara ɓata min rai. Ungo, riƙe min, hannuna ya gaji."

Na karɓi flas ɗin. Mota ta tsaya, ta hau da ƙyar tana dafa gwiwa, ta zauna gefen taga. Na miƙa mata, ba ta karɓa ba.

"Litinin ki kawo min ɗakin guga. Ki wanko shi."

"Sai na buga kati, Anti."

"To ki buga mana! Agogon ne ya haife ki?"

Motar ta ja. Ban samu lambarta ba, ban kuma sani ba ko ta huce.

A ɗakina na zauna bakin katifa, talabijin ɗin yayana yana ta surutu ta bango. Na girgiza flas ɗin, na ji da saura. Na tsiyaya a kofin. Shayin bai gama hucewa ba.